Perpetua ta Kartaj: Rayuwarta, Shahadarta da Darussan da ke Ciki ga Ɗalibin Harshe

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan maƙala gardama ce da ta ɓarke a ajinmu na fassara a zangon karatun da ya wuce. An ba mu wani guntun rubutu na Ingilishi a kan wata Kirista da aka kashe saboda addininta a zamanin Rumawa, aka ce mu mayar da shi Hausa. Ni na rubuta cewa matar ta yi shahada, kuma daga baya aka ɗauke ta waliyya. Da na karanta a gaban aji, sai wani ɗan'uwa Musulmi ya ce waɗannan kalmomi biyu na Musulunci ne, bai dace a jingina su ga wadda ba Musulma ba. Wata 'yar'uwa Kirista kuma ta ce ita ma ba ta gamsu ba, domin a cocinsu ba a cewa waliyya, mai tsarki ake cewa. Haka aka tashi ba a daidaita ba, har wasu suka fita rai a ɓace.

Wannan ya sa na ga ya kamata in fara sanin matar da muke gardama a kanta kafin in kare fassarata. Sunanta Perpetua, kuma sunan ba baƙo ba ne a ƙasar nan, musamman a tsakanin mabiya ɗariƙar Katolika. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa za su tuna da Perpetua Nkwocha, wadda ta zama gwarzuwar 'yan ƙwallon mata ta Afirka har sau huɗu, a 2004 da 2005 da 2010 da 2011. A wannan maƙala zan kawo tarihin asalin mai sunan, da yadda labarinta ya iso gare mu, da yadda aka riƙa girmama ta, sa'annan in komo kan gardamar tamu.

2.0 Ƙasarta da Zamaninta

Kartaj tsohon birni ne a bakin tekun Bahar Rum, kusa da birnin Tunis na ƙasar Tunisiya. Rumawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya suka sake gina shi, ya zama hedikwatar lardin da suke kira Afirka. Daga sunan wannan lardi ne sunan nahiyarmu ya bazu, shi ne kuma Larabawa suka mayar Ifriƙiyya. Harsuna da dama ake ji a lardin: Latin shi ne harshen mulki da shari'a, Girkanci na masu ilimi da fatake, ga harshen Funik na tsofaffin mazauna birnin, ga kuma harsunan kakannin Barbar a karkara. Ɗalibin ilimin harsuna zai lura cewa Funik da Barbar 'yan gida ɗaya ne da Hausa a babban rukunin harsunan Afro-Asiya, ko da yake kowane da reshensa.

A wancan zamani Kiristanci ba addini ba ne da hukuma ta amince da shi. Tun wajen shekara ta 112 Sarkin Rum Tarajan ya ba wani gwamnansa umarnin cewa kada a bi Kiristoci ana farautarsu, amma duk wanda aka kawo ƙararsa, ya kuma ƙi yin hadaya ga allolin Rum, a hukunta shi. Rumawa suna ganin hadayar nan alama ce ta biyayya ga ƙasa, Kiristoci kuwa suna ganin ta bautar gumaka ce. A ranar 17 ga Yuli na shekara ta 180 an fille kan wasu Kiristoci goma sha biyu 'yan garin Sikilli a Kartaj saboda wannan dalili. Shekara 23 bayan haka, a zamanin Sarki Septimiyus Seferus, wanda shi kansa haifaffen Leptis Magna ne a ƙasar Libiya ta yanzu, aka kama Perpetua.

3.0 Rayuwarta da Kamunta

Cikakken sunanta Fibiya Perpetua. 'Yar gidan masu hali ce, ta yi karatu, tana da kimanin shekara 22, matar aure ce mai goyon ɗa namiji. Mahaifinta yana bin addinin gargajiyar Rumawa. An kama ta tare da wasu matasa da ke koyon addini ba a riga an yi musu baftisma ba: Refokatus da Felisitas, waɗanda bayi ne, da Saturninus da Sekundulus. Malaminsu Saturus ba ya nan lokacin kamun, amma daga baya ya kai kansa ga hukuma don kada ya bar ɗalibansa su kaɗai.

Babban abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne abin da ya gudana tsakaninta da mahaifinta. Zuwansa na farko, ya roƙe ta ta bar wannan addini. Sai ta nuna masa wani tulu da ke ajiye, ta tambaye shi ko za a iya kiran tulun da wani suna ban da nasa. Ya ce ba za a iya ba. Ta ce to ita ma haka take, Kirista ce, ba ta da wani sunan da za ta kira kanta da shi. Tsohon ya fusata har ya yi kanta kamar zai ƙwaƙule mata ido, amma ya fasa ya tafi. Hausawa na cewa suna linzami ne. A nan kuwa mun ga wadda ta ɗauki suna da abin da sunan ke nufi a matsayin abu guda, har ta yarda ta rasa ranta a kan haka.

Bayan 'yan kwanaki aka yi musu baftisma, aka kuma kai su kurkuku. Ta bayyana tsoron da ta ji saboda duhu da zafi da cunkoso da muguntar sojoji, amma damuwarta mafi girma ɗanta ce. Wasu dikinoni biyu, Tertiyus da Pomponiyus, suka ba masu gadi kuɗi aka mayar da su wuri mai dama-dama na wasu awoyi, ta sami shayar da yaron. Daga baya aka bar shi ya zauna tare da ita, hankalinta ya kwanta.

Mahaifin ya sake dawowa, wannan karon da lallashi. Ya tuna mata furfurarsa, da uwarta, da 'yan'uwanta, da ɗanta da ba zai rayu ba in babu ita, ya faɗi a ƙafafunta yana kuka. Ranar shari'a ma ya zo riƙe da jaririn. Alƙalin, wani jami'i mai suna Hilariyanus da ke riƙon lardin saboda rasuwar gwamna, ya ce ta tausaya wa tsohon da jaririn ta yi hadaya domin lafiyar sarakuna. Ta ƙi. Da tsohon ya ci gaba da jan ta, sai alƙali ya sa aka ture shi aka buge shi da sanda, ita kuma ta ce ta ji zafin dukan kamar a jikinta aka yi. Aka yanke musu hukuncin a jefa su ga namun daji. Daga nan mahaifin ya ƙi mayar mata da yaron.

Mai karatu zai ga cewa labarin bai mayar da uban mugu ba. Mutum ne mai ƙaunar 'yarsa, yana kuma tsoron abin kunyar da zai sami gidansa. Ga wanda ya tashi a cikin al'adar da ke ɗora biyayyar iyaye a kan kusan komai, wannan wuri ne mai nauyi. Ni kaina na daɗe ina juya shi a raina.

4.0 Mafarkanta

Perpetua ta ba da labarin mafarkai huɗu. A na farko ta ga dogon tsani na tagulla da ya kai sama, siriri, an kafe takubba da māsu da ƙugiyoyi a gefensa, ga ƙaton maciji kwance a gindinsa. Saturus ya fara hawa, ita kuma ta taka kan macijin ta hau. A can ta tarar da lambu, da wani makiyayi mai furfura yana tatsar tumaki, ya yi mata maraba ya ba ta ɗan cuku ta ci. Da ta farka sai ta gane cewa ba za a sake su ba.

Na biyu da na uku a kan ƙanenta Dinokratis ne, wanda ya rasu yana ɗan shekara bakwai da wani ciwo da ya cinye masa fuska. Ta gan shi cikin duhu yana jin ƙishi, ga tafki amma bakinsa ya fi ƙarfin tsawonsa. Ta duƙufa yi masa addu'a, sai ta sake ganinsa ya warke, yana shan ruwa, yana wasa irin na yara. A na huɗu, ana gobe za a kashe su, ta ga an kai ta dandali, ta rikiɗe ta zama namiji, ta yi dambe da wani Bamisire ta kayar da shi, aka ba ta reshe mai 'ya'yan zinariya. Ta fassara wannan da cewa yaƙinta da Shaiɗan ne. A nan rubutunta ya tsaya, ta bar wa wani ya rubuta abin da zai biyo baya.

5.0 Felisitas da Ranar Dandali

Felisitas tana da cikin wata takwas, dokar Rumawa kuwa ta hana kashe mace mai ciki. Tsoronta shi ne kada a kashe abokanta a bar ta, daga baya a haɗa ta da masu laifi. Suka taru suka yi addu'a, naƙuda ta kama ta, ta haifi 'ya mace a kurkuku, wata Kirista ta ɗauki jaririyar ta rene ta. Sekundulus kuwa a kurkukun ya rasu.

An shirya wasannin ne don bikin ranar haihuwar Geta, ɗan sarki, kuma ranar da aka riƙe ita ce 7 ga Maris, 203. A bakin ƙofar dandali aka so a sa wa mazan tufafin limaman gunki Satun, matan kuma na gunkiya Seres. Perpetua ta ƙi, ta ce ai don kada a tilasta musu irin wannan ne suka ba da rayukansu, aka kuwa ƙyale su. An saki damisa da beyar da aladen daji a kan mazan, matan kuma aka saki wata mahaukaciyar karsana a kansu. Karsanar ta yi sama da Perpetua ta faɗi. Da ta tashi zaune sai ta gyara rigarta da ta yage, ta ɗaure gashinta, domin a al'adarsu mace mai makoki ce ke sakin gashi, sa'annan ta je ta ɗaga Felisitas. Damisa ta ciji Saturus, kafin ya faɗi ya tsoma zoben wani soja mai suna Pudens a cikin jininsa ya mayar masa don tunawa. Daga ƙarshe aka ƙarasa su da takobi. Wanda aka sa ya kashe Perpetua sabon shiga ne, hannunsa yana rawa, ita da kanta ta kama hannun ta kai takobin maƙogwaronta.

6.0 Matanin da Salonsa

Duk wannan bayani yana cikin wani ɗan littafi na Latin mai babi 21, wanda ake kira Passio, wato labarin shan wuyar Perpetua da Felisitas. Muryoyi uku ne a cikinsa. Babi na 1 da na 2, da kuma na 14 zuwa na 21, na mai tattarawa ne. Babi na 3 zuwa na 10 da bakin Perpetua aka yi su, na 11 zuwa na 13 kuma mafarkin Saturus ne. Mai tattarawar ya ce da hannunta ta rubuta nata kason. Mafi yawan manazarta sun karɓi wannan, shi ya sa ake lissafa shi cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da aka samu daga hannun mace Kirista. Wasu kuma suna ganin mai tattarawar ya sa hannu ya gyara.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wannan muhawara hujja ce ta salo, kuma nan ne aikinmu yake. Jimlolin mai tattarawa dogaye ne, masu sarƙaƙiya, irin na wanda ya koyi balaga a makaranta. Na Perpetua gajeru ne, an jera su da ƙaramin mahaɗin nan na Latin, et, mai ma'anar "da" ko "kuma". Wanda zai fassara su zuwa Hausa ya yi sa'a, domin muna da "sai" da ke yin irin wannan aiki a labari: sai na ga, sai na hau, sai na farka. Idan mai fassara ya ɗinke jimlolinta ya mayar da su dogaye don su yi kama da na masana, ya shafe babbar shaidar da ke nuna cewa muryoyin daban-daban ne.

Akwai kuma aron kalmomi. A mafarkin farko makiyayin ya kira ta da kalmar tegnon, wadda aka aro daga Girkanci teknon, wato ɗa ko 'ya. A mafarkin Saturus ma an nuna ta tana magana da Girkanci da wani bishop da wani dattijon ikkilisiya. Wannan ya nuna al'umma ce mai amfani da harshe fiye da ɗaya, kamar yadda Bahaushe ke tsarma Larabci idan maganar addini ta zo.

Wani masani mai suna Lukas Holsteniyus ne ya gano matanin Latin ɗin a gidan sufaye na Monte Kasino a Italiya, aka buga shi a Rum a 1663. A 1889 kuma Rendel Harris ya sami na Girkanci a birnin Ƙudus, aka buga shi a 1890. An yi ta muhawara a kan wanne ne asali, amma ra'ayin da ya rinjaya shi ne Latin ne asali, na Girkancin fassara ce.

7.0 Yadda Aka Girmama Su

Kiristocin farko suna kiran ranar mutuwar wanda aka kashe don addini ranar haihuwarsa, wato haihuwa zuwa rai madawwami. Duk shekara sukan taru a kabarinsa su yi addu'a, a karanta labarinsa, wasu har su kawo abinci. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj a 397 ya amince a riƙa karanta irin waɗannan labarai a coci a ranakun tunawa. An binne Perpetua da abokanta a Kartaj, aka gina babbar majami'a a wurin, mai suna Basilika Mayorum. A 1907 wani fada Bafaranshe mai haƙar kayan tarihi, Delattre, ya tono gutsattsarin dutsen marmara a can ɗauke da sunayensu su shida.

Sunansu ya tsallaka teku da wuri. Kalandar birnin Rum ta shekara ta 354 ta sa ranar tunawa da su a 7 ga Maris. An zana hotunansu da ƙananan duwatsu masu launi a majami'un Rabenna a Italiya, kuma har yau ana ambaton sunayensu a addu'ar Yukaris ta farko a sujadar Katolika. A 1908 an mayar da bikinsu 6 ga Maris saboda ya yi karo da na Toma Akwinas, a 1969 aka komar da shi 7 ga wata. Cocin Angilika ma ranar 7 ga Maris take tunawa da su, cocin Otodoks kuwa 1 ga Fabrairu.

Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yanzu, wanda ya rasu a 430, ya yi wa'azi fiye da sau ɗaya a ranar bikinsu. Ya yi wasa da sunayensu, domin a Latin perpetua na nufin mai ɗorewa, felicitas kuma farin ciki, in aka haɗa sai su ba da farin ciki madawwami. Wannan adon magana ne da ba ya fassaruwa sai da ƙarin bayani. Amma ya ja kunnen jama'a cewa labarin ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ya kuma bambanta girmamawa da bauta: shahidai ana girmama su, bauta ta Allah ce shi kaɗai. Tun ƙarni na 16 Furotesta suka ƙi yarda da neman roƙon tsarkaka, Katolika da Otodoks kuma suka ci gaba da shi. Saboda haka mai fassara ya yi hattara. In ya rubuta "bauta" a inda ake nufin "girmamawa", ya ɗora wa mutane abin da su kansu suka ce ba sa yi.

8.0 Komawa ga Gardamarmu

Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga wanda aka kashe don addini ta fito ne daga Girkanci martus, wadda asalin ma'anarta mai ba da shaida, kamar a gaban alƙali. A hankali ta koma nufin wanda ya ba da shaidar imaninsa da jininsa. Larabci ma haka: daga saiwar sh-h-d aka sami shahid, kuma daga wannan saiwa ce Hausa ta sami shaida da shahada da shahidi. Larabawa Kiristoci suna amfani da kalmar shahid ga nasu mutanen, har Kibɗawan Masar suna kiran kalandarsu, wadda ta fara daga shekara ta 284, kalandar shahidai. Don haka ina nan a kan bakana cewa "shahada" ita ce fassarar da ta dace. Mai fassara da ya yi amfani da ita yana isar da abin da masu matanin ke nufi ne. Hukuncin makomar wani a lahira ba aikinsa ba ne.

A kan "waliyya" kuwa, na sassauta. Kalmar Latin sanctus tana nufin tsarkakakke, Larabawa Kiristoci kuma ƙiddis suke cewa, daga saiwar da ta ba da sunan Ƙudus. Waliyyi kuwa daga ma'anar kusanci da jiɓinta ya fito, kuma a kunnen Bahaushe yana tafe da karama da tarihin ɗariƙun sufaye. Akwai Kiristoci masu jin Hausa da ke cewa waliyyi, akwai masu cewa mai tsarki ko tsarkaka. Ke nan 'yar'uwar nan tana da hujja. Da na sake aikin sai na rubuta "mai tsarki", na bar "shahada" yadda take. Wanda zai yi wa wata coci fassara kuma, ya fara tambayar kalmar da mutanen cocin suka saba da ita.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga rayuwar Perpetua da Felisitas, da yadda aka kashe su a Kartaj a 203, da yadda labarinsu ya wanzu, da yadda aka girmama su a Afirka da Turai. An kuma ga cewa nazarin salo yana taimakawa wajen gane mai magana a matani, kuma sanin asalin kalma yana kashe gardamar da zafin rai ba zai kashe ba. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, idan aka ba mu matanin addinin da ba namu ba, mu karanta tarihinsa, mu bi saiwar kalmominsa, mu tambayi masu shi, sa'annan mu sa alƙalami. Ga mai son gwaji, ya ɗauki kalmomin nan huɗu: hadaya, baftisma, tsarki, ceto. Ya binciko asalin kowace, ya kuma tambayi Musulmi ɗaya da Kirista ɗaya abin da kowannensu ke fahimta da ita. Zan so in ga sakamakon a fitowa ta gaba.